Hanyar Birnin Gwari da Ma'aunin Ezra

Karatu: Ezra 8:15-34, Nehemiya 2:1-9

Karatunmu na yau labarin matafiya ne, don haka a kan hanya za mu yi bimbininsa. Hanyar da za mu bi ita ce wadda ta tashi daga Kaduna ta nufi yamma zuwa Birnin Gwari.

Wanda ya fita ta Mando zai wuce Buruku, ya wuce Udawa da Kuriga, sannan ya isa Birnin Gwari bayan tafiyar kilomita 120 da 'yan kai. Daga nan hanyar ta zarce Tegina a Jihar Neja, ta gangara Mokwa da Jebba har Kudu, shi ya sa manyan motocin Legas suka daɗe da saninta. Wani reshenta kuma ya yi arewa ta Dogon Dawa ya ɓulla Funtuwa. Masara da dawa da shanu ta nan suke fita, manja da goro ta nan suke shigowa. Bakin mutane da yawa yana rataye da wannan kwalta, har da waɗanda ba su taɓa taka ta ba.

Da kyan wuri kaɗai ake dubawa, da wannan hanya tana sahun gaba a Arewa. Dama da hagu doka ce da maje da kaɗanya da ɗorawa, sun jeru har iyakar ganinka. Idan rani ya kusa ƙarewa, tun ruwa bai sauka ba, sai doka ta fid da sabon ganye jajawur, ɗorawa ta rataya tutunta, daji ya yi ado alhali ƙasa tana a bushe. Da damina ta kankama kuwa, sai ciyawa ta haura tsayin mutum, rafuka su kawo, hazo ya kwanta a gindin duwatsu da sassafe. Kusa da garin ga madatsar ruwa ta Bagoma. Can ciki ga gandun dajin Kamuku, wanda hukumar En'e ta keɓe tun 1936, gwamnatin tarayya kuma ta mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya jingina da dajin Kuyambana na Zamfara, kogin Mariga yana ratsa wannan yanki. An san shi da giwa da gwanki da mazo da mugun dawa da birai, an kuma lissafa tsuntsaye fiye da iri 170 a cikinsa, har da burtu mai tafiyar ƙasaita. A nan Dogon Ruwa yake zubowa daga kan dutse, a nan Goron Dutse yake tsaye shi kaɗai, a nan Tsaunin Rema yake, inda remaye suke shan hantsi a kan fa.

Tarihi ma yana nan kwance. Tsohuwar Birnin Gwari tana arewa da garin da muka sani yanzu, wanda ya bunƙasa a bakin babbar hanya. Gbagyi da Kamuku da Hausawa da Fulani sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya a wannan ƙasa. Masarautar tana ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, kuma a ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun haura 250,000. A ƙarƙashin ƙasar akwai zinariya, wadda aka haƙa tun zamanin Turawa, ake kuma haƙa har gobe. Allah bai yi wa wannan ƙasa rowa ba.

Amma shekaru sun zo da matafiyi ya daina kallon doka. Wanda ya bi hanyar a waɗannan shekaru ya san yadda cikin mota yake. A tasha kowa yana tambayar direban da ya iso: "Yaya hanya?" Shi kuma ya ce, "To, da sauƙi," ko ya girgiza kai ya wuce. Mai hali yakan sa tsohuwar riga, ya goge saƙonnin banki daga wayarsa. Ana wuce Buruku hira takan mutu. Direba ya rage sautin rediyo, idonsa yana kan hannun da ke zuwa, domin muddin motoci suna fitowa daga gaba, akwai alamar hanya a buɗe take. In aka yi 'yan mintoci babu ko babur, sai ya sassauta, ya gangara gefe, a jira. Musulmi yana jan carbi, Kirista yana motsa leɓe, uwa ta danne kan ɗanta a cinya. Wani lokaci sai an taru an yi ayari, motar sojoji a gaba, wata a baya, kafin a ratsa. Itatuwan da Allah ya shuka don inuwa, ido ya koma ganinsu maɓoya.

Tsoron kuwa yana da tushe. A watan Mayu na 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska. A watan Maris na 2021 an kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke Afaka, a bakin wannan hanya. Wajen ƙarshen 2021 har layin waya aka yanke a yankin, aka hana kasuwannin mako ci. Ran 7 ga Maris 2024 aka kora yaran makaranta daga Kuriga zuwa daji, sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki yara 137 suka dawo hannun iyayensu. Manoma sun bar gonaki, wasu sun biya haraji ga 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka da guminsu. Masu yawon buɗe ido kuma suka ɗauke ƙafa daga Kamuku.

Da wannan hoto a zuciya, mu koma bakin kogin Ahawa, inda Ezra ya yada zango kwana uku. A shekara ta 7 ta sarautar Artashate, sarkin Farisa, aka ba shi izinin komawa Urushalima daga Babila. Yana tare da maza kimanin 1,500, ban da mata da ƙananan yara. Yana ɗauke da azurfa talanti 650 da zinariya talanti 100 da kayayyakin Haikali. A gabansa akwai tafiya ta fiye da kilomita dubu, wadda ta ci musu wata huɗu, kuma hanyar cike take da masu kwanton ɓauna. Duk ɗan fashin da ya ji labarin wannan ayari, ba zai yi barci ba.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ezra ya haɗa duka biyun a ƙirji ɗaya. Ya san haɗarin dajin, kuma da ya buɗe baki da sarki ya ba shi sojoji da mahayan dawakai. Sai dai ya riga ya shaida wa sarki cewa Allahnsu yana lura da masu nemansa. Ya ga in ya koma yana roƙon rakiya, sarkin da bai san Allah ba zai ɗauka maganar fatar baki ce. Kunya ta hana shi. Abin da ya yi shi ne ya sa a yi azumi, jama'a suka ƙasƙantar da kansu, suka roƙi Allah ya daidaita musu hanya, su da 'ya'yansu da kayansu. Ran 12 ga watan fari suka tashi, Allah kuwa ya kai su lafiya.

Bayan shekara 13, wani bawan Allah ya kama wannan tafiya zuwa wannan birni, a ƙarƙashin wannan sarki. Nehemiya ne, mai shayar da sarki. Shi kam ya nemi takardun shaida zuwa ga masu mulkin ƙasashen da zai ratsa. Ya nemi wata takarda zuwa ga Asaf, mai kula da gandun dajin sarki, don a ba shi katako. Sarki ya haɗa shi da shugabannin sojoji da mahayan dawakai, bai kuwa mai da su ba. Da ya zo ba da labari, sai ya ce alherin hannun Allah ne ya sa sarki ya yi masa haka. Wannan hannu ɗin dai Ezra ya ambata sa'ad da ya isa ba tare da soja ko ɗaya ba.

Littafi Mai Tsarki ya ajiye mutanen nan biyu kafaɗa da kafaɗa, bai yabi ɗaya ya kushe ɗaya ba. Wannan ya isa ya kashe wata gardama da take yawan tashi a tsakaninmu. Akwai ɗan'uwan da yake ganin wanda ya jira rakiyar sojoji ƙaramar bangaskiya gare shi. Akwai kuma wanda yake ganin addu'a kafin tafiya al'ada ce kawai, tsaro na gaske yana bakin bindiga. Dukansu sun yi kuskure. Abin da ya haɗa Ezra da Nehemiya shi ne inda suka fara. Ezra ya yi azumi kafin ya ɗaga ƙafa. Nehemiya ya yi kwanaki yana azumi da addu'a, har a gaban sarki sai da ya ɗaga zuciyarsa ga Allah kafin ya amsa tambaya. Da magabta suka taso masa a lokacin ginin garun Urushalima, addu'a ya yi, ya kuma sa 'yan tsaro dare da rana.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an ce a jira ayari, ka jira. In direba ya ce la'asar ta yi, sai gobe, kada ka matsa masa. In mutanen gari sun ce kada a bi ta nan yau, ka ji maganarsu, domin su suka san dajinsu. Yin haka ba ya rage maka komai a gaban Allah. Abin da zai rage maka shi ne ka manta wanda yake tsaron sojan da yake tsaronka. Sojojin nan ma 'ya'yan wasu ne, kuma da yawansu sun kwanta dama a wannan daji. In kuma babu rakiya, tafiyar ta zama dole, mara lafiya yana jira ko gona tana kira, to Allahn Ahawa bai yi ritaya ba.

Akwai tambayar da ba za mu tsallake ba, domin wani yana karanta wannan da hawaye a ido. Yaya waɗanda suka yi addu'a, suka fita, ba su dawo ba? Yaya matar da ta sayar da gona da masara ta biya kuɗin fansa, aka karɓa, mijin bai dawo ba? Kada kowa ya kuskura ya ce addu'arsu ce ba ta kai ba, ko wani zunubi ne ya bi su. A Luka sura 13 an kawo wa Yesu irin wannan magana, ya ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mutanen birnin laifi ba. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a wannan sura kuma mala'ika ya fid da Bitrus daga kurkuku. Ikilisiya ɗaya ce, Ubangiji ɗaya ne. Ba a ba mu dalili ba, mu ma kada mu ƙirƙiro wa masu makoki dalili. Abin da aka ba mu shi ne Mai Ceto wanda shi kansa ya kama hanyar Urushalima yana sane da abin da ke jiransa, aka kashe shi, ya tashi. Saboda shi, mutuwa a hanya ba ta iya raba mai bi da masaukinsa na ƙarshe. Aikinmu ga waɗanda aka bari shi ne mu je, mu zauna, mu kai hatsi, mu biya wa maraya kuɗin makaranta.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan karatu, wato ma'auni. Kafin a tashi daga Ahawa, Ezra ya keɓe mutum 12 daga manyan firistoci. Ya auna azurfa da zinariya da tasoshi a gabansu, ya danƙa musu. Ya tuna musu cewa su keɓaɓɓu ne ga Ubangiji, kayan ma haka, su yi tsaro har ranar da za a sake aunawa a Haikali. Da suka isa Urushalima suka huta kwana uku. A rana ta huɗu aka kawo ma'auni, aka auna komai a hannun Meremot ɗan Uriya firist, aka ƙidaya, aka rubuta. Isowa lafiya ba ta rufe littafin ba. Sai da aka tabbatar abin da aka ɗauko shi aka kawo.

Mutanen ƙasar da ake haƙar zinariya sun san wannan sarai. Yaro ya wuni cikin rami, ya daka dutse, ya wanke, ya ƙulle ɗan abin da ya samu a leda. Mai saye zai zaro ƙaramin sikeli daga aljihu, ya hure ƙura, ya ɗora, su biyun su zuba wa lambar ido. A wannan lokaci ba a tambayar zurfin ramin ko zafin ranar. Nauyin da sikeli ya nuna shi ne magana. Haka ranar da za mu tsaya a gaban Almasihu. Ya san wahalar hanyarmu fiye da yadda muka sani, zai kuwa share hawaye. Amma zai tambayi amanar da ya danƙa mana.

Mece ce amanar? Ga kaɗan daga abin da tsoro yake yawan sacewa daga kayan matafiyi, tun 'yan fashi ba su tare shi ba.

Na farko, idon godiya. Doka ba ta fasa fid da jan ganyenta ba a shekarun da ake harbe-harbe. Dogon Ruwa bai fasa zuba ba don babu mai zuwa kallo. Kaɗanya ta ci gaba da zubar da 'ya'ya, ko da mata sun kasa zuwa tsinta. Allah bai sallama dajinsa ga kowa ba, mu ne muka sallama shi a zuciyarmu. Akwai yaran da suka tashi ba su san daji da komai ba sai wurin da ake kai mutane a ɗaure. Haƙƙinsu ne a kanmu mu gaya musu cewa akwai giwa da burtu da rema, akwai wanda ya yi su ya kuma ce suna da kyau. Mai bi da ya daina ganin alherin Allah a abin da ke kewaye da shi, addu'arsa takan koma lissafin masifu zalla. Wannan ya shafi wanda yake cikin rashin lafiya ko bashi ko rikicin gida, kamar yadda ya shafi fasinjan Udawa.

Na biyu, tausayi. A misalin Basamariye da Yesu ya bayar, hanyar Yariko ma ta 'yan fashi ce, kuma mai yiwuwa firist da Balawe da suka ratse sun yi lissafin da kowannenmu zai yi: wa ya sani ko tarko ne? Duk wanda ya ga mota ta lalace a tsakiyar daji ya san wannan lissafi. Ba kullum ake iya tsayawa ba. Amma ana iya sanar da shingen jami'an tsaro na gaba, ana iya rage wa mace mai goyo hanya, ana iya buɗe ƙofa ga wanda ya gudo daga ƙauyensa da tabarma kaɗai. Tsoro yakan fara da cewa ka yi hankali, in ka sake masa sai ya ƙare da cewa ba ruwanka da kowa.

Na uku, adalci a kan maƙwabci. Wahala takan sa a yi wa mutane kuɗin goro. Don waɗanda suka tare hanya suna jin wani yare, sai a ɗora wa kabila duka laifi. Alhali Bafulatanin da aka kore masa garke a dare ɗaya, aka bar shi da sanda, shi ma wannan wuta ce ta cinye shi. Yawancin mutanen Birnin Gwari Musulmi ne, kuma su ne suka fi yawa a cikin waɗanda aka binne. Harsashi bai tambayi sunan kowa ba. Mai bin Yesu da ya fito daga wannan zamani da ƙiyayyar wata kabila ko wani addini a ransa, an yi masa fashi ko da ba a taɓa aljihunsa ba.

Na huɗu, tsabtar hannu da ta harshe. Daji ba ya ciyar da ɗan bindiga. Daga gari ake kai masa mai da burodi da ƙwaya da labarin wanda ya sayar da masara jiya. Akwai kuma wanda bai kai komai daji ba, amma ya ninka farashi don ya ga mutane a matse, ko ya sayi gonar mai neman kuɗin fansa a wulaƙance, ko ya tura jita-jita a waya ba tare da ya tabbatar ba, gari ya watse a banza. Firistocin Ezra sun yi wata huɗu da dukiyar da ba tasu ba, cikin jeji inda babu mai ganinsu, ba su taɓa ko ƙwaya ba. Kowa ya tambayi kansa ko wahalar wani ta taɓa zama ribarsa.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024, Gwamnan Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta shafe kimanin shekara 10 a rufe. Motocin shanu da na hatsi suka sake kama hanya, manoma suka fara leƙa gonakin da suka bari. Ra'ayi ya bambanta a kan sulhun. Wani yana cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, wani yana tambayar ina haƙƙin waɗanda aka kashe. Tambayoyin biyu suna da nauyi, kuma Allah mai jinƙai ne, mai adalci ne. Abin da ya tabbata shi ne, lokacin sauƙi ma yana da nasa ma'auni. Mutum zai iya haɗuwa a kasuwa da fuskar da ya taɓa gani a daji. Gafara a irin wannan wuri ta fi ƙarfin ɗan Adam, sai da taimakon Ruhu Mai Tsarki. Yin gafara kuma bai hana a nemi gaskiya ba, bai hana a roƙi hukuma ta share wa gwauraye da marayu hawaye ba. Ramuwa ce aka ce mu bar wa Ubangiji.

Watakila kai ba ka da tafiya yau. Iyakarka kasuwa ko ofis ko gona ko makaranta ko ɗakin girki. Duk da haka, da safen nan an auna maka wani abu an danƙa maka: 'ya'ya, ma'aikata, ɗalibai, kuɗin wani, sirrin wani, sunan Almasihu da kake amsawa. Da yamma za ka iya cewa ka dawo lafiya. Ka ƙara da tambayar da aka yi a rana ta huɗu a Urushalima: abin da na fita da shi, ya dawo cikakke?

Tambayoyi don bimbini

Wane abu ne tsoro ya rage maka a 'yan shekarun nan: godiya, tausayi, adalci, ko gaskiya? A al'amarin da ke gabanka yau, ka fara da addu'a, ko sai da dabara ta ƙare za ka tuna da ita? Wane gida ka sani da hanya ta cinye musu mutum, kuma yaushe rabonka da leƙa su?

Addu'a

Ya Uba na sama, Mahaliccin daji da dutse da kogi, mun gode maka domin wannan safiya. Mun gode domin ƙasar Birnin Gwari da dukan albarkar da ka zuba a cikinta. Muna kawo maka duk wanda zai kama hanya yau, direba da fasinja, ɗan kasuwa da manomi da makiyayi. Ka daidaita musu hanya kamar yadda ka yi wa Ezra. Ka tsare sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai da ma'aikatan gandun daji, ka mai da su ga iyalansu lafiya. Ka ba gwamna da sarki da hakimai da dagatai hikima da tsoronka. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu daga Gwaska har Kuriga, daga Kakangi da Randagi har Damari da Kuyello. Waɗanda har yanzu suke tsare a daji, ko'ina suke a ƙasarmu, ka kwance su. Waɗanda suke riƙe da bindiga, ka karya zuciyarsu zuwa tuba ta gaskiya. Mu kuma ka gafarta mana inda tsoro ya taurare mana zuciya. Ka buɗe idanunmu mu ga aikin hannunka, ka tsare harshenmu da hannunmu, ka ba mu ikon riƙe amanarka har ranar da za mu tsaya a gabanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Abin yi yau

Kafin ka fita, ka tara iyalinka ko na minti biyar ku yi addu'a domin matafiya, ku ambaci hanya ɗaya da sunanta. Sannan ka nemi gida ɗaya da aka yi wa rashi ko aka raba da gonarsu, Kirista ne ko Musulmi, ka kai musu abin da Allah ya hore maka kafin rana ta faɗi. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.